Shagon Kwamfutar Kurame da Ke Kan Hanyar Gumel Zuwa Maigatari: Sharhi a Kan Aikinsu

A ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, daura da tashar mota, akwai wani shagon kwamfuta da wasu kurame biyu suke gudanarwa, kuma a ganina ya cancanci a auna shi da ma'aunin da ake auna kowane shago, wato kyan aiki da cika alkawari da farashi, ba tare da an sa tausayi a cikin lissafin ba. Mutanen gari shagon kurame suke ce masa, kuma babu direba ko ɗan acaɓar da ke tashar da ba zai nuna wa baƙo shi ba. Ni malamin sakandare ne a wannan yanki. Buga tambayoyin jarrabawa da takardun sakamakon ɗalibai ne suka fara haɗa ni da su, daga baya kuma sha'anin karatun 'yar ƙanena, wadda aka haifa ba ta ji, ya nuna mini ɗaya ɓangaren aikinsu, wanda shi ne zan fi tsayawa a kansa.

Ta fuskar aikin yau da kullum, shagon yana yin abin da ire-irensa suke yi: buga rubutu, fotokwafi, hoton fasfo, liƙa wa takardun shaida leda, ɗinke kundin bincike na ɗalibai, cike fom a intanet, da cire kuɗi ko tura su ta POS. Da sola suke aiki, sai janareto idan aiki ya yi yawa ko hazo ya rufe rana. A bangon da ke fuskantar ƙofa an rubuta kowane aiki da kuɗinsa da Hausa da Turanci, an kuma zana ƙaramin hoto a gefen kowanne, saboda haka wanda bai iya karatu ba zai iya nunawa da yatsa a gane abin da yake so. Wanda ya iya rubutu kuwa akwai littafi da biro a kan tebur. Farashinsu daidai yake da na sauran shagunan yankin, kuma da yake a rubuce yake, babu wanda ake ƙara wa don an ga babbar rigarsa, babu kuma wanda zai nemi ragi don yana ganin alfarma ya yi musu da ya shigo.

Abin da ya sa na daina kai aikin makaranta wani wuri shi ne tsabtar rubutunsu. Duk malamin Hausa ya san takaicin karɓar takardar jarrabawa a tarar an mayar da haruffa masu lanƙwasa haruffan Turanci, yara su shiga aji suna karanta abin da ba shi aka nufa ba. A wannan shago haruffan nan suna fitowa yadda aka rubuta su, haka ma alamomin lissafi da na kimiyya, waɗanda shaguna da dama suke barin gurbinsu a cike da biro. Ba sa karɓar shifta, sai an kawo musu aiki a rubuce, kuma idan suka ci karo da kalmar da suke shakka, sukan zagaye ta da fensir su ajiye aikin har mai shi ya zo ya tabbatar. Wannan yakan jawo ɗan jinkiri, amma na fi son jinkirin kwana guda a kan kuskuren da za a buga a takarda ɗari uku. Wasu mutanen gari suna cewa rashin jin surutu ne ya sa suka fi mayar da hankali. Ban yarda da wannan ba, domin yana rage musu lada. Horo ne da kula, kuma sun koye su ne kamar yadda kowa yake koya.

Babban cikinsu yana da takardar shaidar malanta ta NCE. Yana cikin yaran da annobar sanƙarau ta 1996 ta bari da kurumta, annobar da ta kama fiye da mutum dubu 100 a Arewacin Nijeriya, ta kuma hallaka sama da dubu 11. Da yake ya riga ya iya magana kafin cutar ta same shi, yana furta kalmomi kaɗan, kuma Hausarsa ta rubutu ba ta da makusa. Ya yi karatunsa a makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a Kano. Abokin aikinsa, wanda da kurumtarsa aka haife shi, yana da difloma a fannin kwamfuta, kuma shi ne gwanin gyaran na'urorin, sai dai jimlolinsa na rubutu gajeru ne, wani lokaci sai an maimaita karantawa. Wannan bambanci yana da amfani mai hulɗa da su ya san shi: wanda aka haifa kurma yana koyon Hausa da Turanci ne a matsayin harsuna na biyu, ta ido kawai, don haka gajartar jimlarsa ba ta nuna gajartar fahimtarsa.

Hidimar da ta bambanta shagon da sauran ita ce wadda suke yi wa kurame masu neman shiga manyan makarantu. Wanda bai taɓa bin yaro kurma a wannan hanya ba zai zaci jarrabawa ce babbar matsala, alhali yawancin inda ake faɗuwa shi ne wajen samun labari. A karkara irin tamu, sanarwar buɗe rajista da ranar rufewa da sauyin ranar jarrabawa duk ta rediyo suke zuwa, ko ta bakin wani a majalisa ko bayan sallar Juma'a, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da take isa ga kurma. Su kuwa sun buɗe zauren WhatsApp na ɗalibai kurame da iyayensu, inda suke sa kowace sanarwa a rubuce, sannan babban ya ɗauki gajeren bidiyo yana bayyana ta da hannu. Tun daga 2021 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kafin rajista, kuma layin wayar da ɗalibi ya yi amfani da shi wajen buɗe bayanansa yana nan ɗaure da shi har ƙarshe. Abu na farko da suke nacewa a kai shi ne layin ya zama na ɗalibin ne, yana hannunsa, ba na wani kawu da ke ci-rani a Legas ba. Rajistar JAMB ɗin kanta ba a shagon ake yi ba, domin sai a cibiyoyin da hukumar ta amince da su, kuma suna faɗin haka a fili tun farko. Abin da suke yi shi ne tattara wa ɗalibi dukkan bayanansa a takarda guda da zai miƙa wa ma'aikacin cibiyar, don kada a tsaya yi masa tambayoyi da baki a rubuta masa abin da aka ga dama. Bayan jarrabawa kuma suna duba masa tsarin CAPS, wanda hukumar ta fara amfani da shi a 2017, inda ake karɓar gurbin karatu ko a ƙi shi, domin gurbi yana iya kuɓuce wa yaro saboda kawai babu wanda ya gaya masa ya fito. Ba sa karɓar kuɗin wannan bibiya daga ɗalibi kurma, sai kuɗin data da na buga takarda.

Akwai darasin yamma da babban yake yi a bayan shagon, kuma a nan na ga abin da ya fi burge ni a matsayina na malami. A jarrabawar Turanci ta WAEC akwai takarda ta uku da ake tambaya a kan furuci: wace kalma ce take da sauti irin na wannan, waɗanne kalmomi ne ƙarshensu yake amo ɗaya, a wace gaɓa ake danna murya. Irin waɗannan tambayoyi suna fitowa a Turancin JAMB ma. Ga yarinyar da ba ta taɓa jin sauti ba, wannan tamkar a nemi wanda bai taɓa shiga kasuwar Maigatari ba ne ya faɗi inda ake ɗaure raƙuma: zai iya faɗa daidai, amma sai in an zana masa taswira ya haddace. Taswirar yake zana musu. Yana koya musu alamomin furuci da ke cikin ƙamus a matsayin rubutu na biyu, yana tara kalmomi rukuni-rukuni bisa alamar da suka yi tarayya a kai, yana kuma nuna musu ƙa'idojin da ake gane wurin danna murya daga ƙarshen kalma. Hanya ce mai wahala, kuma ba ta kawar da rashin adalcin da ke cikin tambayar, amma tana hana ɗalibi barin shafi guda babu amsa a darasin da ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a cikinsa.

Wani ƙarfin nasu shi ne sun iya maganar hannu iri biyu. Ta farko ita ce wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada tun kafin zuwan boko, wadda ake yi a kasuwa da gida da fadar sarkin bebaye, wadda kuma wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta wallafa a 2000. Ta biyu ita ce ta makaranta, wadda ta samo tushe daga ta Amurka, ta shigo Nijeriya ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Yaron da ya tafi makarantar kwana yakan dawo da ta biyu, iyayensa kuma ɗan abin da suka iya na ta farko ne, sai gida ɗaya ya zama ba a fahimtar juna a kan duk abin da ya wuce ci da sha da aike. Sa'ad da ƙanena ya ƙi amincewa 'yarsa ta ci gaba da karatu, a shagon nan aka zauna. Ita tana bayani da ta makaranta, babban yana mayar wa mahaifinta da ta gida, yana ƙarawa da rubutu, ni kuma ina karantawa. A ranar ne ƙanena ya fara sanin cewa 'yar da ta tashi a gidansa tana da shiri a kan rayuwarta, har ta san kuɗin makaranta da na ɗakin kwana. Babban bai matsa masa ba. Ya yi masa magana da ladabin da ake yi wa uba, yana rubuta masa “Baba” a farkon kowane layi, ya bar masa hukunci.

A wajen zaɓen makaranta ne nake da saɓani da su. Tambayar da suke sa kowane ɗalibi ya fara yi daidai ce: shin akwai tafinta a makarantar da kake so? Suna da masaniya a kan wuraren da aka san su da karɓar kurame, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta masu buƙata ta musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da Jami'ar Ilorin mai cibiya ta musamman don tallafa wa ɗalibai kurame, da Jami'ar Bayero ta Kano mai sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Sai dai shawararsu kusan kullum wuri ɗaya take ƙarewa, wato ɗalibi ya karanci koyar da masu buƙata ta musamman, domin a can ne ya fi yiwuwa ya sami tafinta da abokai. Na fahimci dalilinsu, kuma makarantun kurame suna matuƙar buƙatar malamai kurame. Amma 'yar ƙanena gwajin jini da aikin ɗakin awo take so, wani yaron kuma da na sani aikin gona na zamani ne a ransa, kuma ba daidai ba ne a ce duk kurman Jigawa da ya yi karatu malamin kurame zai zama. A Amurka akwai Jami'ar Gallaudet a birnin Washinton, wadda aka kafa a 1864 don kurame, inda ake koyar da fannoni iri-iri da maganar hannu. Ba mu da irinta, amma muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da kwalejin ilimi a nan Gumel, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Kazaure da Haɗeja, duk a kusa da gida. Zan so shagon ya riƙa taimaka wa ɗalibi ya rubuta wa irin waɗannan makarantu tun kafin ya shiga, yana neman tafinta da takardun lakca a rubuce da kujerar gaba, maimakon a sauya masa buri tun daga teburin cike fom.

Suna kuma ba da hidimar tafinta ta kiran bidiyo, wadda ƙanin ɗayansu mai ji yake yi. Idan ɗalibi yana gaban wani jami'i, sai ya kira, yaron ya saurari jami'in ya mayar da hannu. Mun yi amfani da wannan ranar rajista a wata kwaleji, bayan yarinyar ta wuni a layi ana kiran sunaye da baki daga cikin ofis, aka kira nata aka wuce, aka kuma ce mata ta dawo wani mako. Kiran ya warware matsalar a cikin mintuna kaɗan, kuma na yaba. Duk da haka wannan hidima ita ce mafi rauni a cikin ayyukansu. Sabis yakan yanke a tsakiyar magana, hoton ya daskare, alhali a maganar hannu motsi ɗaya da ya ɓace yana iya sauya ma'ana. Yaron ya koyi hannu ne a gida, bai sami horon tafinta ba, saboda haka yana taƙaita doguwar magana, wani lokaci kuma yana amsawa a madadin ɗalibin maimakon ya isar masa da tambayar. Ya isa a ofishin rajista ko wajen mai ba da ɗaki, amma ba zai ɗauki lakcar awa biyu ba, kuma ba zan so a dogara da shi a gaban likita ko kwamitin ladabtarwa ba. Akwai ƙungiyar tafintocin maganar hannu ta Nijeriya, ASLIN, kuma zai yi kyau su haɗa yaron da ita ya sami horo.

A ɓangaren neman aiki, su kansu sun sha wahalar da suke ƙoƙarin rage wa wasu, domin dukansu sun daɗe suna yawo da takardu kafin su haɗa jari su buɗe shagon. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da aiwatar da ita. Sun manna sassan dokar a bango, kuma suna haɗa kwafinsu da takardar duk kurman da ya zo a rubuta masa neman aiki. A cikin takardar suna sa layi guda da ke cewa mai neman kurma ne, a tuntuɓe shi ta saƙon tes ko imel, a kuma yi masa intabiyu a rubuce ko da tafinta. Wasu iyaye ba sa son wannan layi, suna tsoron a ajiye takardar tun kafin a ga yaron. Tsoron yana da tushe, amma ina tare da masu shagon, domin kurman da ya ɓoye halinsa za a kira shi a waya, ba zai amsa ba, a rubuta cewa bai zo ba. Jigawa ta yi abin yabo a 2007, lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira dubu 7 a wata, sai dai mai NCE ko difloma albashin aikin da ya karanta yake nema, kuma takardun da shagon yake rubutawa a kan wannan suke tsayawa, babu roƙo ko neman agaji a cikinsu.

Suna ɗaukar yara kurame koyon aiki, kuma ba aike da shara kawai suke sa su ba. Tun makon farko yaro yana zama a gaban kwamfuta. Amma duk 'yan koyon maza ne. Shagon yana bakin tasha, cike da maza daga safe zuwa dare, kuma iyaye kaɗan ne za su bar budurwa kurma ta wuni a irin wannan wuri, musamman da yake ba za ta ji abin da ake faɗa a bayanta ba. Darasin yamma ma sai da na riƙa raka 'yar ƙanena ko a haɗa ta da ƙaninta. Da za su ware safiyar wata rana ga mata kawai, ko su sami wata kurma mai ilimi ta riƙa koyarwa a cikin gida, da an sami 'yan mata da yawa da yanzu suke zaune.

Akwai kuma wani aibi da ya kamata su gyara da gaggawa. Domin kada ɗalibai su manta, suna rubuta lambobin NIN da imel da kalmomin sirri na kowa a cikin wani littafi da ke cikin aljihun tebur, wanda ba kullum yake a kulle ba. Niyyar mai kyau ce, amma duk wanda ya sami littafin zai iya shiga bayanan yaro ya sauya masa makaranta, ko ya yi amfani da sunansa a shafin bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024. Na yi musu magana, sun karɓa da kyau, kuma har zuwa rubuta wannan sharhi littafin yana nan. Shawarata ga iyaye ita ce su karɓi kalmar sirrin ɗansu su adana a gida, su kuma nemi a soke ta daga littafin a gabansu.

Wanda zai kai musu aiki ya guji ranar Alhamis, domin ranar kasuwar Maigatari ce, masu cire kuɗi suna cika shagon har waje, kuma aikin rubutu yakan kwana. Safiyar Litinin ko Talata ta fi. Kada a kira lambar da ke jikin ƙofa, a aika saƙo, suna amsawa da wuri. Idan an shiga aka tarar sun duƙufa a kan aiki, a tsaya inda za su gani a ɗaga hannu, ko a taɓa kafaɗa a hankali, kada a yi ihu ko a jefa musu wani abu. Uban da zai kawo ɗansa kurma don neman makaranta ya zo da takardar NIN da sakamakon WAEC ko NECO da wayar da layin yaron yake ciki, ya kuma zo da yaron kansa, domin ba sa cike wa ɗalibi fom a bayan idonsa.